Shingen Launin Fata a Wasan Besbol na Amurka da Karawar 15 ga Afrilu 1947

Daga cikin al'adun da suka daɗe suna juya rayuwar jama'ar Amurka ba tare da an rubuta su a wani kundin doka ba, akwai al'adar hana baƙar fata shiga manyan rukunan wasan besbol na ƙwararru, wadda ta kafu a ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma ci gaba da cin karenta babu babbaka har zuwa ranar Talata, 15 ga Afrilu 1947, ranar da ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta fito da Jackie Robinson cikin 'yan wasanta tara a karawarta da Boston Braves a filin Ebbets da ke birnin New York. Wanda ya duba sakamakon wannan karawa kaɗai ba zai ga wani abin a-zo-a-gani ba, domin filin bai cika ba, Robinson bai yi wani bugu da aka lasafta masa ba, manyan jaridun birnin kuwa sun fi ba da ƙarfi ga wasu 'yan wasa dabam a rahotanninsu na washegari. Darajar ranar tana ga abin da ta karya, wato wata yarjejeniya ta baka da masu ƙungiyoyi suka riƙe shekara sittin suna musun wanzuwarta, kuma al'adar da masu ita suke musunta ta fi rubutacciyar doka wuyar tumɓukewa, tun da babu takardar da za a kai gaban alƙali, babu kuma wanda zai amsa cewa shi ne ya kafa ta.

Da yake besbol, wanda wasu kan kira ƙwallon gora, ba wasa ba ne da aka saba gani a ƙasar Hausa, ya dace a fara da bayanin tsarinsa, domin ba a gane abin da ya faru a wannan rana sai an san inda kowa yake tsayawa. Ƙungiyoyi biyu ne suke karawa, kowace da mutum tara, suna karɓa-karɓa tsakanin bugu da tsaro. A cikin filin akwai tashoshi huɗu da aka dasa a kusurwoyin wani murabba'i, tazarar ƙafa 90 tsakanin kowace da mai bi mata, kuma a ta huɗun, wadda ake kira gida, mai bugu yake tsayawa riƙe da gorar katako, yayin da mai jifa na ƙungiyar da ke tsaro yake kan wani ɗan tudu mai nisan ƙafa 60 da inci 6 yana wurgo masa ƙaramar ƙwallo mai tauri da aka naɗe da zare aka ɗinke da fata. Idan mai bugu ya sami ƙwallon sai ya yar da gora ya ruga tasha ta farko, kuma ana cewa ya faɗi idan an cafke ƙwallon a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko an jefa ta ta riga shi isa tashar, ko kuma jifa uku masu kyau sun wuce shi. Idan kuwa ya isa lafiya saboda ingancin bugunsa, sai a lasafta masa bugun tsira. Ana samun maki ɗaya duk lokacin da ɗan wasa ya zaga tashoshi uku ya komo gida, ana musayar matsayi idan mutum uku sun faɗi, kuma idan kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya an kammala zagaye ke nan, wasa kuwa zagaye tara ne. Mai tsaron tasha ta farko shi ne wanda jifa ya fi yawan zuwa hannunsa, yakan miƙe jiki da safar fata a hannu, ƙafarsa ɗaya a kan tashar, a daidai wurin da mai gudu yake tahowa da takalmi mai ƙusoshin ƙarfe, kuma a nan ne aka tsayar da Robinson.

Wariyar ta girmi sana'ar kanta, domin tun a 1867, shekara biyu bayan ƙarshen Yaƙin Basasa wanda ya kawar da bauta, ƙungiyar ƙasa ta masu wasan sha'awa ta yanke shawarar ƙin karɓar duk kulob ɗin da ke da baƙar fata. Da wasan ya zama hanyar neman abinci, daga ƙungiyar Cincinnati Red Stockings wadda ta biya dukan 'yan wasanta albashi a fili a 1869, zuwa kafa National League a 1876, wato rukuni na farko da ya ɗore, ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya nan take ba. A 1884 Moses Fleetwood Walker, ɗan jihar Ohayo wanda ya yi karatu a kwalejin Oberlin, ya buga wasa 42 a ƙungiyar Toledo da ke American Association, wanda babban rukuni ne a lokacin, yana aikin cafke jifa a bayan mai bugu, ƙanensa Weldy ma ya buga 'yan wasanni a wannan shekara. Sai dai manyan 'yan wasa fararen fata, musamman Cap Anson jagoran ƙungiyar Chicago, sun riƙa ƙin shiga fili idan akwai baƙar fata a ɗaya ɓangaren, kuma a ranar 14 ga Yuli 1887 masu ƙungiyoyin International League, ɗaya daga ƙananan rukunai, suka ƙuduri cewa ba za a sake amincewa da sabon kwantiragin baƙar fata ba. Kafin ƙarnin ya ƙare an kore su kakaf, a daidai lokacin da jihohin kudu suke shimfiɗa dokokin wariya da ake kira Jim Crow, waɗanda suka raba makarantu da jiragen ƙasa da masaukai, kuma Kotun Ƙoli ta halatta su a 1896 a shari'ar Plessy da Ferguson.

Bambancin da ke tsakanin wariyar kudu da ta besbol shi ne cewa ta farko doka ce, ta biyun kuwa shiru ne da aka haɗa baki a kai. Bayan kafa American League a 1901, manyan rukunan biyu suka tsaya a kan ƙungiyoyi 16, takwas a kowane, kuma kusan dukansu a biranen arewa da gabas suke, inda babu wata dokar jiha da ta hana baƙi da fari wasa tare, amma babu ko ɗaya da ta ɗauki baƙar fata. Alƙali Kenesaw Mountain Landis, wanda ya riƙe muƙamin kwamishinan wasan, wato shugaban da ke saman rukunan biyu, daga 1920 har mutuwarsa a 1944, ya bayyana a fili a 1942 cewa babu wata ƙa'ida da ta hana, sha'anin ɗaukar ɗan wasa yana hannun masu ƙungiyoyi. Su kuma masu ƙungiyoyin kowa yana da uzurinsa: wani ya ce ba a sami wanda ya cancanta ba, wani ya ce 'yan wasan da suka fito daga kudu, waɗanda suke da yawa, ba za su yarda ba, wani ya ce 'yan kallo za su ƙaurace. Da haka laifin ya zama na kowa, don haka ba na kowa ba, aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu har aka haifi ƙwararru suka tsufa suka mutu ba su taɓa taka waɗannan filaye a matsayin 'yan wasa ba.

Waɗanda aka rufe wa ƙofa ba su zauna ba, sun gina nasu gidan. A watan Fabrairu 1920 Rube Foster, tsohon mai jifa kuma mai ƙungiyar Chicago American Giants, ya tara masu ƙungiyoyin baƙar fata a birnin Kansas suka kafa Negro National League, rukuninsu na farko da ya yi ƙarko, a zamanin da baƙar fata suke ta ƙaura daga gonakin auduga na kudu zuwa masana'antun Chicago da Detroit da Pittsburgh da New York. Ƙungiyoyi irin su Kansas City Monarchs da Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords da Newark Eagles sun zama abin alfahari da kuma jarin al'umma, inda masu masaukai da masu gidajen abinci da jaridu suke samun abinci a jikinsu, wasan taurari na shekara-shekara da aka fara a filin Comiskey na Chicago a 1933 kuwa ya tara fiye da mutum 50,000 a 1943. Rayuwar 'yan wasan ta wahala ce, domin a bas suke kwana suna tafiya daga gari zuwa gari, wani lokaci su buga wasa biyu ko uku a rana, su sayi abinci ta ƙofar baya, duk da haka suka fitar da gwanaye irin su mai jifa Satchel Paige, da mai bugu Josh Gibson, da Cool Papa Bell mai tsananin gudu, waɗanda sukan kara da taurarin fararen fata a wasannin nuni da kuma a Kyuba da Meziko, su nuna cewa ba su gaza su da komai ba. Akwai kuma wani sirri na kuɗi a cikin lamarin, domin ƙungiyoyin baƙar fata hayar filayen manyan ƙungiyoyi suke yi, kamar yadda Grays take hayar filin Griffith a Washington, saboda haka wariyar tana kawo wa masu filayen riba ba tare da sun biya albashin kowa ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sa musun ya fara wuyar riƙewa, tun da ƙasar da ta tura baƙar fata su yaƙi aƙidar fifikon jinsi a Turai ba ta da bakin cewa ba su isa su buga ƙwallo a gida ba. A 1942 jaridar baƙar fata ta Pittsburgh Courier ta ƙaddamar da yekuwar neman nasara biyu, ɗaya a fagen fama ɗaya a gida, marubutan wasanni kuma irin su Wendell Smith na wannan jarida, da Sam Lacy na Afro-American ta Baltimore, da Lester Rodney na jaridar 'yan gurguzu ta Daily Worker, suka shafe shekaru suna bin koci-koci da 'yan wasa da tambayar ko za su yarda da abokin wasa baƙar fata, suna buga amsoshin. Landis ya mutu a watan Nuwamba 1944, aka naɗa Happy Chandler, tsohon gwamna kuma sanatan Kentucky, a gurbinsa. A watan Maris 1945 jihar New York ta kafa dokar Ives-Quinn wadda ta haramta wariya wajen ɗaukar aiki. A watan Afrilun wannan shekara kuma matsin lambar wani kansilan birnin Boston ya tilasta wa ƙungiyar Red Sox gwada baƙar fata uku a filin Fenway, cikinsu har da Robinson, aka sallame su ba a sake waiwayarsu ba. Saboda haka ƙofar da ta buɗe a 1947 ba alherin mutum ɗaya ba ne ya buɗe ta, turawa ce ta shekaru da hannaye masu yawa suka yi.

Wanda ya fara karanta alamun zamanin shi ne Branch Rickey, shugaban Dodgers tun ƙarshen 1942, lauya mai riƙon addinin Kirista na ɗariƙar Methodist, wanda tun yana St. Louis Cardinals ya ƙirƙiro tsarin mallakar ƙananan ƙungiyoyi don renon matasan 'yan wasa. A wurinsa imani da lissafin kasuwa sun haɗu, domin ya yarda wariyar zalunci ce, ya kuma san cewa wanda ya riga kowa ɗiban gwanayen baƙar fata zai riga kowa cin gasa da tara 'yan kallo. Ya baza masu cigiyar 'yan wasa da sunan zai kafa wata ƙungiyar baƙar fata a Brooklyn, har zaɓinsa ya faɗa kan Jack Roosevelt Robinson, wanda aka haifa ranar 31 ga Janairu 1919 a garin Cairo na jihar Jojiya, cikin iyalin da ke noma gonar wani a raba amfani, mahaifiyarsa Mallie ta ƙaura da 'ya'yanta biyar zuwa Pasadena a Kalifoniya. Yayansa Mack ne ya zo na biyu a bayan Jesse Owens a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, Jackie kuma ya yi fice a wasanni huɗu a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya zama ƙaramin hafsa a soja, kuma a watan Yuli 1944 ya ƙi komawa kujerar baya a wata bas a sansanin Hood na Teksas, aka gurfanar da shi a kotun soja, aka wanke shi. A ganawarsu ta ranar 28 ga Agusta 1945 Rickey ya kwaikwayi irin zagin da zai sha daga 'yan wasa da masu masauki da 'yan kallo, ya nemi alkawarin cewa ba zai rama ba a shekarun farko, domin faɗa ɗaya ya isa a ce gwajin ya rushe. Nauyin wannan alkawari yana ga cewa an ɗora shi a kan mutumin da tarihinsa ya nuna ba ya haɗiye raini.

An sanar da kwantiraginsa ranar 23 ga Oktoba 1945 da Montreal Royals, babbar ƙungiyar renon Dodgers da ke Kanada, kuma bayan atisayen bazara mai ɗaci a Filorida, inda wasu garuruwa suka gwammace su kulle fili da su bar shi ya buga, ya buɗe kakar 1946 a Jersey City ranar 18 ga Afrilu da bugun tsira huɗu cikin biyar, ya kuma ƙare ta a saman rukunin da kashi 34.9 cikin ɗari na bugun tsira, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi. A farkon 1947 Rickey ya kai atisayen Dodgers birnin Havana na Kyuba don guje wa dokokin kudu, amma wasu 'yan wasa, mafi yawansu 'yan kudu, cikinsu har da Dixie Walker wanda mutanen Brooklyn suke ƙauna ƙwarai, suka soma zagayawa da takardar koke cewa ba za su yi wasa da shi ba. Pee Wee Reese, ɗan Kentucky, ya ƙi sa hannu, koci Leo Durocher kuma ya tara su ya shaida musu cewa duk wanda ba ya so za a sayar da shi ga wata ƙungiya, koken ya mutu. Ranar 9 ga Afrilu kwamishina ya dakatar da Durocher na tsawon shekara saboda wasu dalilai dabam da suka haɗa da hulɗa da 'yan caca, washegari kuma Dodgers ta fitar da gajeriyar sanarwa cewa ta sayi kwantiragin Robinson daga Montreal, aka ba shi riga mai lamba 42 da albashin dala 5,000, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da ake biya a manyan rukunai.

Wurin da abin ya faru yana da nasa tarihin. Brooklyn birni ne mai cin gashin kansa har 1898 lokacin da aka haɗe shi da New York, kuma mutanensa, waɗanda akasarinsu ma'aikata ne 'ya'yan baƙin haure, Yahudawa da Italiyawa da 'yan Ayalan, tare da baƙar fata da suke ƙaruwa a unguwar Bedford-Stuyvesant, sun ɗauki ƙungiyar a matsayin abin da ya rage musu na 'yancin garinsu. Sunan Dodgers, wato masu kaucewa, ya samo asali ne daga yadda mazauna birnin suke kauce wa jiragen lantarki masu bin tituna. Charles Ebbets ne ya gina filin a kan wani juji da ake kira Pigtown a gefen Flatbush, aka buɗe shi a 1913, kuma ƙarami ne, matsattse tsakanin tituna, kujerunsa sun matso kusa da 'yan wasa ta yadda duk abin da ɗan kallo ya faɗa, na yabo ko na zagi, yana shiga kunnen wanda aka yi dominsa.

Ranar buɗe kakar wasa ta zo da sanyi, a makonnin da birnin yake cikin fargabar ɓullar cutar agana ana yi wa miliyoyin mutane rigakafi, kuma mutum 26,623 ne suka shiga, aka bar dubban kujeru babu kowa, an kuwa ƙiyasta cewa fiye da 14,000 daga cikin 'yan kallon baƙar fata ne. Matar Robinson, Rachel, tana cikinsu riƙe da jaririnsu ɗan wata biyar. Clyde Sukeforth, wanda shi ne ya rako Robinson daga Chicago zuwa ofishin Rickey a 1945, shi ne koci na riƙo a ranar, ya kuma sa sunan Robinson na biyu a jerin masu bugu, ya tsayar da shi a tasha ta farko, matsayin da bai taɓa riƙewa ba sai a atisayen wannan bazara, domin Eddie Stanky yana tasha ta biyu, Reese kuma yana tsaron da ke tsakanin ta biyu da ta uku. Joe Hatten ya fara jifa, mai bugu na farko na Boston, Dick Culler, ya buga ƙwallon a ƙasa wajen tasha ta uku, Spider Jorgensen ya ɗauka ya cilla ta ƙetaren murabba'in, Robinson ya miƙa hannu ya cafke, alƙalin wasa ya nuna Culler ya faɗi. Wannan aiki ne da ake yi sau goma ko fiye a kowane wasa ba tare da kowa ya lura ba, amma tun 1884 ba a ga hannun baƙar fata ya yi makamancinsa a fili a babban rukuni ba.

A wajen bugu Robinson ya gamu da Johnny Sain, wanda ya ci wasa 20 a kakar da ta gabata, sananne kuma da jifa mai lanƙwasa, wato wanda ƙwallon take karkacewa tana faɗuwa dab da isowarta. A zagaye na farko ya buga a ƙasa wajen tasha ta uku aka riga shi isa, a na uku ya ɗaga ta sama aka cafke a hagu, a na biyar kuma Culler ya tare masa wani bugu mai ƙarfi wanda ya jawo faɗuwar mutum biyu a lokaci ɗaya. Da aka shiga rabin ƙarshe na zagaye na bakwai Boston tana gaba da 3 da 2, Stanky ya sami tasha ta farko kyauta saboda jifa huɗu da suka kauce, aka umurci Robinson ya yi bugun sadaukarwa, wanda a cikinsa mai bugu ba ya wurga gora, yana tara ta ne kawai ƙwallon ta bugu ta gangara kusa, ya ba da kansa domin abokinsa ya ci gaba. Ya ajiye ta daidai ya zura da gudu, Earl Torgeson na Boston ya ɗauka cikin gaggawa ya jefa, ƙwallon ta bugi Robinson ta fanɗare, Stanky ya kai tasha ta uku shi kuma ta biyu. Pete Reiser ya biyo da bugun da ya shigar da su duka biyun gida, makin Robinson ne ya sa Dodgers gaba, aka tashi 5 da 3. A takardar lissafi ba shi da bugun tsira ko ɗaya cikin uku, tun da an ɗora isarsa a kan kuskuren Torgeson, amma saurinsa ne ya haifar da kuskuren, kuma wannan salon na tsorata masu tsaro da gudu shi ne gadon da ya taho da shi daga rukunan baƙar fata.

Gwajin haƙurin ya zo ne bayan ranar buki. Robinson ya sami bugun tsira na farko ranar 17 ga Afrilu, washegari ya fitar da ƙwallo bayan katanga a filin Polo Grounds na New York Giants, amma ranar 22 ga wata ƙungiyar Philadelphia Phillies ta zo Ebbets, kocinta Ben Chapman ya jagoranci ruwan ashar na launin fata daga benci, abin da ya yi muni har ya harzuƙa 'yan Dodgers, Stanky ya fito ya kare shi. An aiko masa da wasiƙun barazanar kisa, masaukai a Philadelphia da St. Louis sun ƙi ba shi ɗaki tare da abokansa, masu jifa sun buge shi da ƙwallo sau tara a kakar, a watan Agusta kuma Enos Slaughter na Cardinals ya taka masa ƙafa da ƙusoshin takalmi a tasha ta farko, ko da yake ya musa cewa da gangan ya yi. Robinson bai ɗaga hannu ba. Ya ƙare kakar da kashi 29.7 cikin ɗari na bugun tsira, da maki 125, da satar tasha 29, wato gudu zuwa tasha ta gaba yayin da mai jifa yake cikin jifa, wanda babu wanda ya kai shi a National League, aka kuma ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa a shekarar da aka fara ba da ita ga ƙasa baki ɗaya. Dodgers ta lashe rukuninta, fiye da mutum miliyan 1.8 suka shiga Ebbets, ta kuma kai wasa na bakwai a gasar ƙarshe ta World Series kafin New York Yankees ta doke ta. Uzurorin nan uku, na rashin cancanta da tawayen 'yan wasa da ƙauracewar 'yan kallo, duk sun faɗi cikin wata shida, Hausawa kuwa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse, sai dai a nan wutar jikin mai dafawar ta ci.

Ba a shiga ƙofar da gudu ba. Larry Doby ya fara wasa a Cleveland ranar 5 ga Yuli 1947, ya zama na farko a American League, wasu uku suka biyo baya a wannan shekara, Paige ya shigo a 1948 yana da shekara 42, Gibson kuwa ya riga ya mutu a watan Janairu 1947, wata uku kafin karawar Ebbets. Sai a 1959 Red Sox, ta ƙarshe cikin ƙungiyoyin 16, ta fito da Pumpsie Green. Nasarar ta kuma zo da hasara wadda al'ummar baƙar fata ce ta ɗauka, domin 'yan kallonsu sun koma bin Robinson, aka kwashe gwanayensu, Rickey bai biya Monarchs, ƙungiyar da ya ɗauko Robinson daga cikinta, ko sisi ba, ko da yake Bill Veeck na Cleveland ya biya Effa Manley ta Newark Eagles kuɗin Doby. Rukunin da ke amsa sunan Negro National League a lokacin ya rushe bayan kakar 1948, kuma tare da shi aka rasa matsayin mai ƙungiya da koci da alƙalin wasa da magatakarda waɗanda baƙar fata suke riƙe da su, manyan rukunai kuwa 'yan wasa suka ɗauka, ba su ɗauki shugabanni ba. Duk da haka abin da ya faru a Ebbets ya riga umarnin Shugaba Truman na 1948 na kawar da wariya a soja, ya riga hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 kan makarantu, ya riga ƙauracewa bas ta Montgomery a 1955, kuma wasa 154 a shekara ya sa miliyoyin mutane sun ga baƙi da fari suna aiki tare a bainar jama'a kafin doka ta umurce su.

Daga 1949 Robinson ya sauke alkawarin shiru, ya zama gwarzon National League a wannan shekara, ya ɗauki World Series da Dodgers a 1955, ya ajiye wasa bayan kakar 1956, aka shigar da shi zauren girmama gwanaye a 1962. Dodgers ta ƙaura zuwa Los Angeles bayan kakar 1957, aka rushe filin Ebbets a 1960 aka gina dogayen gidajen haya a wurin, a 1997 kuma aka janye lamba 42 daga dukan ƙungiyoyi, ba a sa ta yanzu sai ranar 15 ga Afrilu, ranar da kowane ɗan wasa yake sa ta. Robinson kansa bai ɗauki al'amarin a matsayin wanda ya kammala ba, domin a watan Oktoba 1972, da aka karrama shi a filin Cincinnati lokacin World Series, ciwon sukari ya riga ya kusa makantar da shi, ya shaida wa taron cewa farin cikinsa zai fi haka ranar da ya ga baƙar fata yana jagorancin ƙungiya. Ya mutu bayan kwana tara, ranar 24 ga Oktoba, yana da shekara 53, kuma sai a 1975 Frank Robinson, wanda ba danginsa ba ne, ya zama kocin Cleveland, shekara 28 bayan jifan da Jorgensen ya yi zuwa tasha ta farko.